Baba na son ƙaro injin casa na biyu: me ilimin gudanar da aiki ya ce?

Tambayar ta zo daga wani ɗalibi mai karatun harkokin kasuwanci a nan Gombe. A zangon nan suna darasin gudanar da ayyukan sarrafa kaya, an ba su jerin kalmomi su haddace, shi kuwa bai ga inda suka haɗu da rayuwa ba. Mahaifinsa na da wurin gyaran shinkafa a hanyar Dadin Kowa, inda ake jiƙa shanshera, a turara, a shanya, a cashe. Kullum da yamma sai layi ya taru a bakin inji, har Alhajin ya fara neman kuɗin ƙaro na biyu. Injin da ke akwai na iya cashe buhu 60 a yini, tukwanen turarawa na fitar da buhu 40, filin shanya kuma na ɗaukar buhu 50, sai ya kwana biyu kafin a kwashe. Yana tambaya: mene ne ginshiƙan wannan darasi, kuma suna da abin cewa game da injin Baba?

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka haɗa tambayoyin nan wuri guda, domin a gaskiya tambaya ɗaya ce. Darasin da kake jin ya yi maka nisa, a tsakar masana'antar mahaifinka yake zaune.

Kowace sana'a tana da ɓangare uku. Akwai mai nemo kuɗi da tsare lissafi, akwai mai nemo masu saye, sannan akwai wanda ke tsakiya, mai karɓar ɗanyen kaya da ƙarfin mutane da inji da lokaci ya juya su su zama abin da wani zai biya kuɗi ya ɗauka. Wannan na tsakiyar shi ne darasinku. A wurin Baba shanshera ke shiga, gyararriyar shinkafa ta fita. A asibiti marar lafiya ke shiga, ya fita da sauƙi. A tashar mota fasinja ke shiga a Gombe ya sauka a Bauchi. Kayan sun bambanta, tambayar ba ta canzawa: ta wace hanya abin ke bi daga shiga zuwa fita, a ina yake tsayawa, kuma me tsayuwar ke ci?

Za a tambaye ka tarihi a jarrabawa, to ga shi a gurguje. Frederick Taylor a Amurka, wajen 1911, shi ya yaɗa ra'ayin a riƙe agogo a auna kowane motsi na ma'aikaci maimakon a dogara da "haka muka tarar ana yi". A 1913 Henry Ford ya sa mota ta riƙa tafiya a kan layi tana iske ma'aikata a tsaye a wurarensu, lokacin harhaɗa gangar jikin mota ya sauko daga sama da awa 12 zuwa kusan awa ɗaya da rabi. Bayan yaƙin duniya na biyu kuma, a kamfanin Toyota na Japan, Taiichi Ohno ya kalli abin ta wata fuskar. Ba su da kuɗin tara kaya irin na Amurkawa, sai ya mai da hankali kan farautar ɓarna: jira, yawan ɗauke-ɗauke, tarin kaya, gyaran abin da aka lalata, da kuma wadda ya ɗauka ta fi duka muni, wato yin abu fiye da yadda mataki na gaba ke buƙata. Riƙe wannan ta ƙarshen, yanzu za mu gan ta a wurin Baba.

Mu zo kan lambobin da ka bayar, domin a nan zan fi daɗewa. Ka taɓa lura da ruwan noman rani a Dadin Kowa? Komai faɗin babbar hanyar ruwa, abin da zai isa gona shi ne abin da ƙaramin kwalbatin da ke tsakani ya bari ya wuce. Haka aiki yake. Kowane jerin ayyuka yana da matsattsiyar ƙofa guda, kuma ita ke yanke yawan abin da gidan gaba ɗaya zai fitar. Tukwane 40 a yini. Inji 60 a yini. Filin shanya 50 a kwana biyu, wato 25 a yini. Ashe masana'antar Baba buhu 25 take fitarwa, ba 60 ba. Injin da ake zargi bai ma kai rabin ƙarfinsa ba, kusan kashi 42 cikin 100 yake yi. In aka kawo na biyu aka ajiye a gefensa, ƙarfin casa ya zama 120, shinkafar da ke fita tana nan a 25, sai dai an ƙara bashi da kuɗin gas da albashin mai kula da inji.

To me ya sa layi ke taruwa a bakin inji? Ina kyautata zaton dalilin shi ne ana kwashe shanya gaba ɗaya bayan la'asar, kowa ya danno lokaci guda, injin da ya wuni a kashe tun safe sai a ce ya yi aikin yini cikin awa uku. Ido yana ganin layin yamma, ba ya ganin zaman banzan safiya. Wannan matsalar tsara lokaci ce, maganinta kuma ba ya cin ko sisi: abin da aka kwashe yau da yamma a adana shi, a fara casarsa gobe da sassafe. Shinkafar ma ta fi son haka, domin in ta huta bayan zafin rana damshin da ke cikin ƙwayar yana daidaita, ba ta cika karyewa ba.

Dubi kuma abin da ke faruwa kafin shanya. In tukwane sun fitar da 40 alhali filin 25 yake karɓa, kullum buhu 15 na jiƙaƙƙiyar shinkafa na jibge suna jira. Ka san abin da jiƙaƙƙiyar shinkafa ke yi in ta kwana a tare: ta ɗauki zafi, ta yi tsami, launinta ya dushe, matan da ke saye su sansana su ture. Masu turarawa suna ganin sun yi ƙoƙari, sun ƙone itace, sun yi gumi, amma ƙoƙarin nasu asara ya haifa. Wannan ita ce ɓarnar da Ohno ya fi ƙi.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan ramin, shi ya sa nake magana da zafi a kai. Shekarun da nake kula da aiki a wata masana'antar matsar man gyaɗa, na ɗauka duk injin da ya tsaya asara ce, sai na sa injin ɓare gyaɗa yana aiki ba tsayawa. Rahotona na wata ya yi kyau a takarda. Amma injin matsa ba ya iya cinye abin da muke ɓarewa, ɓararriyar gyaɗa ta taru a sito, damina ta same ta, wani kaso ya yi fumfuna muka zubar. Har yau ina jin ciwon wannan asarar, domin kuɗin mutane ne da suka amince da ni. A nan na koyi cewa ba dole kowane inji ya kasance cikin aiki ba. Wanda bai kamata ya huta ba shi ne matsattsiyar ƙofa kaɗai.

Wani masani ɗan Isra'ila, Eliyahu Goldratt, shi ya shahara da tsara wannan tunani a shekarun 1980. Ka gano ƙofar, ka tatse ta iyakar iyawarta kafin ka kashe kuɗi, ka sa sauran matakai su bi takunta, sannan ka faɗaɗa ta, in ta faɗaɗa kuma ka koma nema domin matsin ya ƙaura wani wuri. A wurin Baba, tatsewa na nufin kada a bar ko taku ɗaya na daɓen babu shinkafa muddin akwai rana, a baza da wuri, a riƙa juyawa a kai a kai, kada a ajiye buhuna ko amalanke a kansa. Bin taku na nufin a turara 25 kawai, ko da tukwane za su huta. Faɗaɗawa kuma ita ce ƙarin daɓe ko tampol. In filin ya koma ɗaukar buhu 80, fitar yini ta zama 40, daga nan tukwane ne za su zama matsi. Sai an wuce 60 kafin maganar inji na biyu ta taso.

Amma kada ka yi saurin yanke wa Baba hukunci, akwai abu guda da ba ka faɗa mini ba. In mutanen waje suna kawo tasu busasshiyar shinkafa a cashe musu su biya, su ba sa bi ta tukwane ko filin shanya, kai tsaye inji suke zuwa. Ragowar ƙarfin injin buhu 35 ne a yini. In abin da suke kawowa ya kai haka ko ya ɗara, to Alhaji ne ke da gaskiya. Haka nan 60 ɗin da ka faɗa, ka bincika ko ƙarfin da aka rubuta wa injin ne ko wanda yake yi a zahiri. A darasinku za a raba muku su uku: ƙarfin da aka ƙera inji da shi, ƙarfin da ya rage bayan an cire lokacin sallah da cin abinci da share inji da canza bel, sai kuma abin da ya fita da gaske bayan an ɗauke wuta ko wani abu ya lalace. Tsakanin na farko da na ƙarshe akwai tazara mai yawa a ƙasar nan, kuma da na ƙarshen ake lissafi.

Daga nan sai maganar ajiyar kaya, wadda a ganina ita ce ta biyu a muhimmanci. Akwai wata ƙa'ida mai sauƙi da John Little ya tabbatar a 1961: yawan kayan da ke cikin gida daidai yake da yawan abin da ke fita a yini an ninka shi da kwanakin da kowanne ke yi a ciki. Juya ta ka ga amfaninta. Mu ƙaddara ka ƙirga duk buhunan da ke harabar, ɗanye da jiƙaƙƙe da gyararre, ka sami 750, fita kuma 25 ce a yini. Kenan kowane buhu wata guda yake yi kafin ya koma kuɗi. In muka ƙaddara buhu naira dubu 40, naira miliyan 30 ce kwance a ƙasa. Ɗan kasuwa na iya cewa "ba ni da kuɗi" alhali yana tafiya a kan kuɗinsa kullum.

Za a koya muku tsarin Toyota na kawo kaya daidai lokacin buƙata, ba tare da tara komai ba, kuma za a yabe shi ƙwarai. Ka fahimce shi, amma kada ka ɗauko shi ɗungurungum ka ɗora wa Baba. Toyota na da masu kawo mata kaya a kusa, a kan hanya mai kyau, a farashin da aka daidaita tun da wuri. Shinkafa kuwa lokaci gare ta. Da kaka takan yi araha a kasuwannin ƙauye, in an shiga bazara zuwa tsakiyar damina ta yi wuya ta yi tsada. Mai injin da bai sayi ɗanye da kaka ba zai wuni yana kallon inji a watannin da shinkafa ta fi daraja. Ko manyan kamfanonin motoci na duniya sun ɗanɗana kuɗarsu a 2021, lokacin da ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki ya tsayar da layukansu. Saboda haka ni abin da nake cewa shi ne a raba kaya gida biyu. Ɗanyen da ke da lokaci a ajiye shi da lissafi, gwargwadon abin da masana'anta za ta iya sarrafawa kafin wata kakar ko girbin rani, a kan katako ba a ƙasa ba, wanda ya fara shiga shi ya fara fita. Wannan ajiyar aiki ce, daban take da ɓoye abinci don a jira ya yi tsada, wanda addini da mutunci duk suka hana. Amma kayan da ke tsakiyar aiki, jiƙaƙƙe da turararre, a nan tsarin Japanawa ya zauna daram: kada a yi sai mataki na gaba ya shirya karɓa.

Ajiya tana da kuɗinta ko ba a rubuta ba. Ɓera na ci, ƙwari na ci, nauyi na raguwa, ga hayar sito da mai gadi, ga jarin da ya kwanta. Yawan zuwa saye shi ma yana da nasa, kuɗin mota da na lodi da ranar da aka ɓata. Lissafin da Ford Harris ya fitar a 1913 neman tsakiyar waɗannan biyun yake yi, wato adadin da ya fi dacewa a saya a tafiya ɗaya. Ka iya shi don jarrabawa, sai dai ya ginu ne a kan cewa farashi da buƙata ba sa motsi, abin da kai da ni muka san ba haka kasuwarmu take ba. Wanda zai fi yi wa Baba amfani gobe shi ne sanin ranar da za a sake oda. A ce buhunan zuba shinkafa daga Kano ake kawo su, kwana biyar suke yi kafin su iso, kuna cin 25 a yini. In sun ragu zuwa 125 dole a aika, a ɗora wasu 50 a kai saboda mota na iya lalacewa a hanya. Haka bel da rariyar inji: abu ne na kuɗi kaɗan, amma rashinsa na iya tsayar da aiki kwana uku. A ajiye na biyu a kabad.

Sai inganci. Mutane da yawa na ɗauka inganci shi ne a tsaya a ƙarshe a tsince marar kyau. Lokacin ai an riga an kashe itace da gas da ƙarfi a kansa. Walter Shewhart a 1924, da W. Edwards Deming wanda ya je ya koyar da Japanawa a 1950, abin da suka dage a kai shi ne a kula da aikin tun yana gudana, a auna, a bambance ɗan sauyin da ba makawa da sauyin da ke nuna wani abu ya karkace. A shinkafa ma'aunin a bayyane yake. Cikin nauyin shanshera kusan kashi 20 buntu ne, kusan kashi 10 dusa, abin da ya saura 70 ne ko ƙasa da haka. Ka riƙa aza buhu a sikeli kafin casa da bayanta, ka rubuta. Ka ɗebi kwano ɗaya kullum ka ware karyayya da tsakuwa, ka rubuta. Damshin da ya dace da casa kusan kashi 14 ne. Tsofaffin ma'aikata da haƙori suke gwadawa, kuma sau da yawa suna dacewa, amma 'yar na'urar auna damshi ba ta gajiya, ba ta kuma jin kunyar mai gida. Buhun da aka rubuta kilo 50 kuma ya cika 50. Tauye awo zunubi ne kafin ya zama matsalar kasuwa.

In matsala ta fito, ruwa ba ya tsami banza. Ohno ya koya wa mutanensa su tambayi "me ya sa" har sau biyar. Dillali ya dawo da kaya, ya ce karyayya ta yi yawa. Me ya sa? Ƙwayar ta tsage tun a shanya. Me ya sa? Ta sha ranar tsaka a kan daɓe mai zafi ba a juya ba. Me ya sa? Yaro ɗaya aka bari a filin. Me ya sa? Sauran suna can suna dakon turararriya. Me ya sa dakon ke cin mutum uku? Domin tukwanen suna can ƙarshen harabar, nesa da filin. Ka ga da an tsaya a tambaya ta biyu da an yi wa yaron faɗa an wuce, gobe a sake. Ashe laifin na shimfiɗar wuri ne. Deming ya sha nanata cewa galibin kurakurai daga tsarin aiki suke fitowa, ba daga ma'aikaci ba, kuma abin da na gani da idona ya gaskata shi.

Shimfiɗar wuri da zaɓen mazauni ba za su ba ka wahala ba. Ka zana harabar a takarda, ka ja layi ka bi buhu ɗaya daga sauke shi zuwa loda shi, duk inda layin ya koma baya ko ya gitta kansa, ana biyan dako a banza. Zaɓen mazauni kuma ga misali a jiharmu: masana'antar siminti ta Ashaka, wadda ta fara aiki a 1979, ba a Gombe ko Bauchi aka kafa ta ba, a Funakaye aka kai ta inda dutsen siminti yake, domin ɗaukar dutse ya fi ɗaukar siminti tsada. Kwal ɗin Maiganga da ke Akko shi ma ya shigo lissafinta ne saboda kusanci. Wannan dalilin ne ya sa Baba ya zauna kusa da masu noman shinkafa. Hasashen buƙata kuma littafin cinikin bara ne malaminka: ka duba abin da aka sayar gab da azumi, da Sallah ƙarama da babba, da Kirsimeti, da lokacin bukukuwan aure bayan kaka.

In an ce ka lissafo abin da ake auna nasarar aiki da shi, biyar ne: inganci, sauri, cika alkawari, iya sauyawa in buƙata ta sauya, da sauƙin kuɗi. Ba a samun su duka a ƙololuwa lokaci guda, dole mai sana'a ya san wanne masu sayensa suka fi so. Mai abincin sayarwa da ke jiran buhu biyu kowace Litinin za ta yafe maka ɗan ƙarin farashi, amma ba za ta yafe maka ranar da ta ɗora tukunya shinkafa ba ta zo ba.

Yanzu yadda za ka tunkari Alhaji. Kada ka je masa da sunayen Turawan nan, kada kuma ka ce masa ya yi kuskure. Mutumin da ya gina wurin nan da guminsa ya san abubuwan da babu su a littafinku, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba. Ka nemi izininsa ka zauna a wurin mako biyu da littafi da biro. Kullum ka rubuta ƙarfe nawa aka tayar da inji da ƙarfe nawa aka kashe, buhu nawa aka turara, nawa aka kwashe a bushe, nawa suka kwana a jiƙe, nawa mutanen waje suka kawo. Bayan sallar isha'i, in ya natsu, ka ajiye littafin a gabansa ka ce, "Baba, ga abin da na gani, me kake gani a ciki?" Sannan ka roƙe shi gwaji mai araha kafin a taɓa kuɗin inji: a samo tampol da zai ɗauki buhu 30, a mai da casa safiya, a ga ko fitar yini za ta tashi daga 25 ta doshi 40.

Ka kuma sake wannan awon a watan Agusta. In hadari ya sa shanya ta koma kwana huɗu, filin buhu 50 zai riƙa ba da 12 ko 13 ne kawai a yini, kuma a lokacin shawarar da za ku zauna a kanta ita ce ta rumfar shanya ko injin busarwa. In ka haɗa lambobin mako biyun, ka turo mini mu duba su tare.